Ƙyallin da Ke Tafin Hannun Sakae

Ni ne mai awara a layin kasuwarmu, shagon da ke kallon gidan wanka, kuma shekara shida ke nan ni ne Ɗan Tafki, jarumin da ke fitowa ranakun biki ya yi wa dodo dukan tsiya a gaban yara. Akwai masu cewa bai kamata mutum mai furfura da tumbi ya riƙa tsalle cikin matsattsun kaya ba. Na sha gaya musu ga kayan nan a rataye, duk mai so ya zo ya ɗauka, har yau ban ga kowa ba. Amma ba labarina zan ba ku ba. Labarin Nishibori Sakae ne, tsohuwar da ta sa kaina ke ɗaukar ido.

An haife ta a lungun masu yin akwatin ibada, bayan kasuwa. A lokacin, akwatin da ake ajiye sunayen magabata a gida sai ya ratsa gidaje da yawa kafin ya kammala: mai katako, mai sassaƙa, mai ƙira, mai zinariya, kowa da nasa, ba mai shiga na wani. Gidan su Sakae su ne masu fito da sheƙi. Idan an gama shafa wa allunan baƙin ƙaro, sai a kawo wa ubanta, ya bi su da gawayi da ruwa har su kwanta sumul, sannan ya ƙarasa da tafin hannunsa, da ɗigon mai da garin ƙahon barewa. Tana da shekara goma sha biyar ya zaunar da ita kusa da shi, kuma shekara arba'in da uku ta yi tana wannan aiki. A cikinsa ta yi aure, a cikinsa ta haifi ɗanta Atsushi, a cikinsa ta yi rashin mijinta, direban bas. Ba a taɓa rubuta sunanta a jikin akwati ko ɗaya ba, haka sana'ar take. Amma duk dattijon garin nan in ya ga allon da hasken kyandir ke tsayawa a cikinsa ba ya karkacewa, ya san hannun wa ya bi ta kai.

Daga baya mutane suka koma ƙananan gidajen bene, suka fara sayen ɗan ƙaramin akwati na kamfani wanda za a ɗora kan kabad. Lungun ya mutu gida-gida. Shekara goma Sakae ta yi ba aiki. Hannu ya zauna, amma ido ya ƙi zama. Kullum da safe za ta zo sayen awara guda ɗaya, kuma kullum sai ta bar mini magana: yau gilashin shagona duk shatin tsumma ne, gobe farantina ya karce, jibi tabarauna ne ya yi dauɗa har tana mamakin yadda nake gane mutane. Ni kuwa ba na haɗiye magana. Nakan tambaye ta awara ta zo saye ko duba-gari, ita kuma ta ce da duba-gari ce da tuni an rufe shagon. Haka muka yi shekaru, kuma duk ranar da ba ta zo ba sai na ji safiyar ba ta cika ba.

Shekarar da abin ya faru, rabin ƙofofin layinmu a rufe suke. Shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa, Mabuchi, mai shagon kayan wasa da 'yan jiragen roba da ake harhaɗawa, ya ce sauran garuruwa duk sun yi jarumansu suna jan yara da iyayensu, mu ma sai mu yi namu kafin bikin Obon, lokacin da kowa ke dawowa gida. Aka yarda jarumin ya zama ɗan tafkinmu, kansa kamar na farin kifi. Matata ta ɗinka kayan jiki. Ni aka laƙaba wa sawa, wai don na taɓa yin kokawa a makaranta. Mabuchi da kansa ya gina kwalkwalin a kan tsohuwar hular kwano ta babur, da soso da ƙullin da masu gyara ke cike inda mota ta lotsa da shi. A ba shi haƙƙinsa, ya iya. Tukku kamar ƙayar bayan kifi, manyan idanu, baki a murtuke, komai ya fito.

Sai maganar ƙyalli. So muke ya yi walƙiya kamar salansar sabon babur. Mabuchi ya fesa masa fentin azurfa na gwangwani, ya fito fari-fari, dusu-dusu. Muka gwada fita da shi ranar yara, a watan biyar. Ina tsaye na riƙe ƙugu, wata yarinya ta ja rigar uwarta ta tambaya da ƙarfi me ya sa mai awara ya kifa tukunyar shinkafa a kansa. Aka bushe da dariya, har da matata. Muka tambayi wata masana'anta da ke yi wa ƙarfe irin wannan rufi, suka faɗi kuɗin da ya isa fitilun bikinmu na shekara uku, suka ƙara da cewa in soson ya narke ba ruwansu. Na dawo da tukunyata shago na ajiye kan firji, raina a ɓace.

Washegari Sakae ta gan shi. Ba ta taɓa shi da yatsa ba, bayan hannu ta bi shi da shi, a hankali, idonta a rufe.

"Mai awara, wa ya yi wannan ɓarnar?"

Na ce Shugaba ne, kuma fentin ne ba shi da kyau, mu kuma ba mu da ƙarfin mai kyau.

"Fenti bai yi laifin komai ba," in ji ta. "Ku maza kun ɗauka azurfa ce ke ƙyalli. Abin da ke ƙarƙashinta ne ke yi. Wannan kuwa ƙarƙashinsa kamar hanyar gona."

Ta buɗe jakar cefanenta ta tura kwalkwalin ciki tare da albasa da awararta, ta fice. Ba ta nemi izinin kowa ba, ni kuma ban ga fuskar hanawa ba.

Sai daga baya na san abin da ke cinta a lokacin. Da sanyin shekarar ta zame a matakalar ƙofarta, ta kwana biyu a asibiti. Atsushi, wanda ke aiki a can birnin Nagoya, ya samar mata ɗaki kusa da nasa a hawa na tara, ya ce in ya zo Obon zai kwashe ta. Babban akwatin ibadar gidansu, wanda ita da ubanta suka goge, ba zai shiga ɗakin ba, sai dai a sayi ƙarami. Ba mugun ɗa ba ne, tsoro yake ji. Amma a waya ya yi mata tambaya: "Inna, me kike yi a can? Me zai tsaya in ba kya nan?" Ta gaya mini wannan ba ta kalle ni ba. Ta ce ba tafiyar ce ta fi yi mata ciwo ba, rashin amsar ne. Abin ya tsaya mini a rai har yamma.

Sati shida ta yi da kwalkwalin. Tun da ta daina zuwa shago, ni na riƙa kai mata awara, ina leƙe daga bakin ƙofar tsohon ɗakin aikin ubanta. Ta hana ni shiga, wai jikina duk garin waken suya ne, kuma surutuna ma ƙura yake tayarwa. Ta kankare azurfar Mabuchi tas. Ta bi kwalkwalin da samfefa mai kaushi, sannan mai dama-dama, sannan mai laushi, har ta kai ga wadda in ka shafa za ka rantse takardar rubutu ce, duk cikin ruwa. Takan rufe ido ta bi da bayan hannu, inda ta ji tudu ko kwari ta sa alama da alli, ta cike, ta jira ya bushe, ta koma farko. Ni dai ban ga komai a wuraren da take sa wa alama ba. Da na faɗa mata, ta ce ai shi ya sa nake sayar da awara.

Sai fenti. Ba azurfa ta saya ba, baƙi ta saya, baƙi wuluk mai sheƙi, mafi araha a shagon kayan gini. Na ce mata farin kifi muke so, ba tarwaɗa ba. Ko kallona ba ta yi ba. Kafin ta fesa sai ta yayyafa wa ƙasa ruwa don ƙura ta kwanta, ta ɗaure kanta tam, ta rufe taga. Tana gamawa ta sa shi cikin tsohon kabad ɗin katako da ubanta ke ajiye alluna, ba mai buɗewa sai bayan kwana uku. Da ya fito ta goge shi da tafin hannu kamar yadda ta saba, har baƙin ya zama kamar ruwan rijiya.

Azurfar fa? Ta tara cokulan roba, irin waɗanda ake bayarwa da abincin kanti, ta fesa musu baƙin, ta jera su a kan allo, a kansu take gwaji. Ta gwada hodar kwalliyar ido ta mata, ta gwada garin azurfa na masu zane, duk suna zama a kai kamar yashi. Sai ta tuna ubanta kan yi alama da fensir a kan allon da aka goge, kuma in an share, wurin kan bar wani ɗan haske na daban, har ya riƙa yi mata faɗa wai ba ta share da kyau ba. Abin da ya kasance aibi a wancan aikin shi ta ɗauko. Ta goga bakin fensir a samfefa, ta ɗebi garin da auduga, ta murza a bayan cokali. Daga baya ta gano masu gyaran makulli na sayar da irin garin a 'yar kwalba, don hura wa kwaɗon da ya cije, kuɗinsa bai kai na kwanon taliya ba.

Ranar da ta kira ni in gani, ta ce in wanke hannu in sa su a baya. Ta yaye ƙyallen. Na ga fuskata, na ga gashin hancina, na ga tagar da ke bayana da igiyar shanyar maƙwabta. Ya ɗan fi na masana'anta duhu, kamar tafki da la'asar, kuma ni a wurina hakan ya fi kyau. Na ce mata in akwai wanda ya fi wannan a ƙasar nan a kawo shi in gani. Ta ce babu, ba sai na wahalar da kaina ba. Sakae ba ta iya ƙanƙan da kai a kan aikinta ba, kuma ban ga laifinta ba.

Saura kwana biyar biki ta sa shi a akwati ta kai ofishin ƙungiya. Tun da Mabuchi shugaba ne, kuma shi ya gina kwalkwalin, ta yi masa magana irin tamu ta ladabi, mai zagaye. Ta ce ta yi ɗan abin da tsohuwa za ta iya, in an bar shi yadda yake wataƙila zai fi. Da ni ta gaya wa, cewa za ta yi in na taɓa sai ta karya mini yatsu, kuma da an zauna lafiya. Shi kuwa ya ɗauka kunya ce irin ta masu sana'a.

Ku fahimci Mabuchi. Shekara arba'in yana sayar da jiragen roba, shekara arba'in yana gaya wa duk wanda ya sayi fenti cewa aikin da ba a bi shi da ruwan rufi ba, wato feshin nan mai kama da ruwa da ke kare fenti daga hannu da ƙura, ba a gama shi ba. Har allo ya rubuta ya rataye a shagonsa. Mutum irin wannan ya buɗe akwati ya ga abin da bai taɓa ganin mai kyaunsa ba, ya tuna yara ɗari za su kai masa hannu. Me kuke zato zai yi? Ya je shagonsa ya ɗauko gwangwani mafi tsada da yake da shi, ya fesa masa cikin ƙauna, sau biyu. Garin neman gira aka rasa ido. Ruwan ya jiƙa garin fensir ɗin ya tayar da shi, madubi ya koma tukunyar shinkafa, wannan karon ma tsohuwa.

Da sassafe ya shigo shagona rungume da akwatin, fuskarsa kamar awarar jiya. Na buɗe, na rufe, na faɗa masa abubuwan da ba zan maimaita a nan ba, don jikokina sun iya karatu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san abin da ke rataye da kwalkwalin nan a wurinta, shi bai sani ba. Muka tafi gidanta tare. A bakin ƙofa, inda ake cire takalma, ya durƙusa ya kafa goshi a ƙasa, yana ba da haƙuri, yana cewa zai sauka daga shugabanci.

Sakae ta daɗe tana kallon cikin akwatin. Na ga leɓenta ya motsa sau ɗaya, na ce yau za a yi ta. Sai ta tambayi wane ruwa ya fesa, sau nawa, da ƙarfe nawa. Ya faɗa, goshinsa na ƙasa.

"Saura kwana huɗu," in ji ta. "Baƙi na son uku. Shugaba, tashi haka, goshinka ba samfefa ba ne. Mai awara, je ka rufe shago."

Na ce ban taɓa rufe shago ranar Talata ba tun rasuwar ubana. Ta ce to yau na fara.

Haka muka yini, ƙatti biyu a tsugune a tsakar gidanta gaban baho, muna kankare abin da ta yi sati shida tana ginawa. Mu ke yin mai kaushi, ita ke karɓa ta yi mai laushi. In ɗayanmu ya danna da ƙarfi sai ya ji cokali a bayan hannu. Mabuchi ya sha cokali ya fi sau goma, kuma kowane ɗaya sai ya ce ya gode. Abin da ya cece mu shi ne ƙarƙashin nan da ta wahala a kai yana nan sumul, saman kawai ya lalace. Kafin la'asar ta kore mu, ta yayyafa ruwa, ta fesa baƙi. Ta fesa wa cokali ɗaya shi ma, ta sa su tare a kabad, ta rufe.

Atsushi ya iso ana jibi biki, motarsa cike da kwalaye a ninke da salatif. Bai daɗe ba ya ji labari, ya zo shagona. Cikin ladabi ya yi magana, yana sunkuyar da kai, kuma da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce ya gode da yadda 'yan kasuwa ke ɗebe wa mahaifiyarsa kewa, amma mace mai shekara sittin da takwas da ta faɗi a bana bai kamata a sa ta tsuguno gaban baho saboda kayan wasa ba. Na ce ba wanda ya sa ta, ita ce ma ta sa mu. Na ƙara da cewa na san shi tun yana yawo da majina, kada ya zo yana yi mini sunkuye-sunkuyen Nagoya. Matata ta taka mini ƙafa. Ya sake sunkuyawa ya fita, na bi bayansa da kallo ina jin haushin kaina, don shi ma yana da tasa gaskiyar.

Ranar biki da hantsi na je ɗaukar kwalkwali. Falon gidan duk kwalaye ne, wasu an riga an cika su da kwanuka da kayan sanyi. Ƙofofin babban akwatin ibada a buɗe, da turare da 'ya'yan itace a gaba, tun da a lokacin Obon ne ake cewa ruhin magabata kan ziyarci gida. Sakae ta buɗe kabad. Ba ta taɓa kwalkwalin ba, cokalin ta ɗauko. Ta shinshina, ta danna masa farce, ta duba a haske. Farcen bai bar shaida ba, ta ce ya nuna.

Ta zauna ta ɗora kwalkwalin a cinya kan ƙyalle, ta ɗiga mai a tafin hannu, ta fara. Atsushi na tsaye a bakin ƙofa da salatif a hannu. Ashe bai taɓa ganin uwarsa tana aiki ba. Yana yaro an hana yara shiga ɗakin saboda ƙura, da ya girma kuma ya tafi. Wannan karon ba ta kore shi ba, ni ma ba ta kore ni ba. Da baƙin ya kai inda take so, ta share man tas, ta tsoma auduga a garin, ta fara murzawa daga tsakar kai, zagaye-zagaye, ƙanana. Da farko wurin ya yi toka-toka kamar an ɓata. Ta canza auduga ta ci gaba. Sai ga haske ya taso daga cikin baƙin yana bin hannunta, har ɗakin duka ya shiga cikin kwalkwalin, da kwalayen, da ɗanta a tsaye baki a buɗe. Ba ta ɗago ba ta ce masa ya rufe bakin, yana huro mata ƙura.

Da la'asar aka yi wasa a tsakiyar layi, kan dandamalin akwatunan lemo. Mabuchi ya nace shi zai zama dodon taɓo, wai don ya karɓi hukuncinsa, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ba shi da gaske. Da na fito daga bayan labule rana ta bugi kaina, sai wurin ya yi tsit. Ta ramin ido na hango yarinyar nan mai maganar tukunya, ta ƙanƙame uwarta, ko sunan mai awara ba ta ambata ba. Zufa har cikin takalmi, numfashi da ƙyar, amma a rayuwata ban taɓa jin na isa kamar ran nan ba.

Bayan wasa, kamar yadda ake yi ko'ina, yara suka yi layi don gaisawa da jarumi. Mabuchi ya tsaya gefena cikin kayan dodonsa yana roƙonsu hannu kawai, kada a taɓa kai. Sai Sakae ta matso ta ce ya ƙyale su, ni kuma ta ce in durƙusa. Na durƙusa. Suka yi caa a kaina. Kowa na son ganin fuskarsa, kowa na son ya shafa ya ji ko ƙarfe ne. Suna ɗaga hannu suna ganin tafinsu ya yi baƙi, suna dariya, suna shafa wa juna a hanci. Kafin layin ya ƙare kwalkwalin ya dusashe, duk shatin 'yan yatsu.

Na cire shi a bayan dandamali ina haki. Atsushi ya zo ya tsaya a kansa, ya kalle shi, ya kalli uwarsa. Muryarsa ba ta faɗa ba ce, ta tausayi ce.

"Inna, kin gani ko? Sati shida, ga kwana huɗu a kai, rabin awa ya cinye. Abin da ba ya zama ai ba aiki ba ne, wahala ce kawai."

Ta ciro 'yar kwalbar da auduga daga aljihun rigarta. Ta share kumatun kwalkwalin, ta murza wuri ɗaya kamar faɗin tafin hannu. Hasken ya dawo, da fuskar Atsushi a ciki.

"Shugaba," ta ce, "yaushe Ɗan Tafki zai sake fita?"

Mabuchi ya ce Asabar mai zuwa, a makarantar renon yara, tun ɗazu aka roƙa. Sati na sama gidan tsofaffi, sannan bikin kaka, sannan ranar 'yan kwana-kwana.

"To ka ji. Duk fitar da zai yi sai an taɓa shi, duk taɓawar da aka yi sai an goge. Ba a rufe shi, tambayi Shugaba. Mai awara kuwa ko gilashinsa bai iya gogewa ba." Ta miƙa wa ɗanta audugar. "Ka tambaye ni me zai tsaya in ba na nan. Ga shi. Ko kai za ka riƙa zuwa daga Nagoya duk Juma'a?"

Bai karɓi audugar ba. Hannunta ya kama, ya juya shi, ya daɗe yana kallon tafin, baƙi ƙirin, sumul, kusan babu zane a ciki. Ni dai na juya baya na shiga neman tawul, don zufa ta shigar mini ido.

Washegari Atsushi ya zo shagona ya sayi awara biyu, ya tambaye ni wa ya iya kafa ƙarfen riƙewa a matakala da banɗaki a garin nan. Na faɗa masa, na kuma ba shi haƙurin maganar majina. Kwalayen ya bar su, a cikinsu take fesa cokula har yau.

Yanzu shekararta saba'in da huɗu. Allon Mabuchi na nan a shagonsa, sai dai ya ƙara ɗan rubutu a ƙasa, cewa ban da kwalkwali. Bara, da layin ya ɗan farfaɗo, wani sabon ɗan kasuwa mai shagon kofi ya miƙe a taro ya kawo shawara a yi wa Ɗan Tafki sabon kai a masana'anta, mai rufin dindindin, kowa ya huta, tsohuwa ma ta huta. Kallonsa kawai muka yi, ni da Mabuchi, har ya koma ya zauna.

Duk Juma'a in na tashi daga shago nakan kai mata kwalkwalin a akwati. Takan buɗe, ta ga shatin hannuwa, ta ja tsaki, ta ce yaran garin nan ba su da tarbiyya, ni kuma ƙazami ne. Sannan ta ɗaure kai, ta yayyafa wa ƙasa ruwa, ta ce in fita in ja mata ƙofa.